Baƙaƙe A Kejin Jajaye

Abin da ya ƙyanƙyashe a keji na huɗu baƙi ne.

Uwar Jajaye ta cire gilashin idonta, ta goge shi da gefen farar rigar aiki, ta sake kara fuska a jikin raga. Baƙi ne dai. Ɗaya, biyu, goma, ga wasu can sun yi dandazo a kan audugar zuma kamar gidan ubansu. Ta jawo keji na biyar. Baƙaƙe. Na shida ma haka. Ta bi kejin nan takwas ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga ja ko ɗaya ba.

Shekara shida ke nan tana kiwon jan zanzaro a ɗaki na ɗaya na tashar binciken ƙwari, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin ma'aikata. Ƙananan halittu ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ba sa harbin mutum. Macen tana da doguwar allura a bayanta, da ita take huda mangwaro ta lalubo tsutsar ƙudan da ke ruɓar da shi, ta sa ƙwanta a ciki. Ɗanta ya cinye tsutsar, a ƙarshe maimakon ƙuda sai zanzaro ya fito. Shekara biyu aka yi ana cike takardu kafin a shigo da irin, kuma wurin da aka samo shi ya daina kiwo tuni. Duk ƙasar babu jan zanzaro sai na ɗakin nan.

Baƙaƙen na Dogo ne, abokin aikinta mai kula da ɗaki na biyu, kuma ƙofa biyu ce tsakaninsu. Su ba sa jiran tsutsa, tun ƙuda yana ƙwai suke shiga. Dokar tashar ke nan ta farko: kada iri biyun su haɗu a tsutsa ɗaya, domin baƙin da ya riga shiga shi ke kashe jan tun bai buɗe baki ba.

Tana tsaye da keji na takwas a hannu ta tuna yau Alhamis.

Duk ranar da sababbi suka ƙyanƙyashe, ana sa tsofaffin iyaye a firiza su mutu, a wanke kejinsu. Da ta shigo da safe ta hango motsi a sababbin kejin daga bakin ƙofa, ta ce alhamdulillahi, ta naɗe kejin iyayen da tawul ta kai firiza, ta tafi dafa shayi. Shekara shida ba ta taɓa yin haka ba tare da ta leƙa sababbin da kyau ba, sai yau.

Ta bar takalmi ɗaya a baranda. Firizar nan da take zagi kullum, wadda sai ta yi rabin yini kafin ta daskarar da kofin ruwa, ita ta buɗe tana roƙon Allah ya sa ba yau ta gyaru ba. Minti ashirin da biyar ke nan. Ta fizgo kejin, ta warware tawul. Duk suna ƙasa, a kwance, ƙafafu a naɗe.

Ta shimfiɗa farar takarda a bakin taga inda rana ta fara faɗowa, ta riƙa ɗauko su ɗaya ɗaya da ɗan buroshin fenti. Ɗari da wani abu. Ta kewaye su da tafukanta tana hura musu numfashi a hankali, kamar mai tada garwashin da ya kusa mutuwa.

A haka Dogo ya same ta. Ya shigo da kwalkwalin babur a hammata, ya dubi ƙafarta ɗaya babu takalmi, ya tambaya ko yau 'ya'yan nata karatu take koya musu.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ya je ya duba keji na huɗu, ya dawo ya gaya mata yadda dabbobinsa suka tsallake ƙofa biyu.

Ya tafi yana dariya, ya dawo babu dariyar.

Sun daɗe ba sa ga maciji, kowa a tashar ya sani. Shi yana cewa jajayenta 'yan gayu ne, sai tsutsa ta gama ɓarna sannan su iso da doguwar wutsiya. Ita tana cewa nasa ɓarayin zaune ne, kuma ba sa iya komai da babbar tsutsa a mangwaron da ya faɗo. Mako mai zuwa hukumar da ke ba da izinin saki za ta zauna ta duba iri biyun, domin har yanzu ba a yarda a saki ko ɗaya a gona ba. Don haka da Dakta, shugaban tashar, ya shigo da kofin shayinsa, a gabansa ta faɗi abin da ke ranta: wanda yake son a zaɓi nasa shi kaɗai, ai ya san hanyar da zai bi.

Dogo ya ajiye kwalkwalin a hankali. "Anti, ki ce na raina jajayenki, na yarda. Amma kar ki ce na kashe su."

Dakta ya nufi keji na huɗu. Ya ɗebi kwanson da tsutsa take shiga kafin ta rikiɗe, guda ashirin daga waɗanda ba su fashe ba, ya zauna gaban madubin ƙara girma, ya riƙa farke su da hantsaki.  Da ya gama ya juyo da kujerarsa. Ya ce goma sha bakwai baƙi ne a ciki, uku fanko. Ya ce wannan ba aikin 'yan tsirarun da suka kuɓuce ta ƙofa ba ne, domin baƙi ba ya shiga babbar tsutsa. Tsutsar tun tana ƙwai aka shige ta. Da ciki aka kawo ta ɗakin nan.

"Tsutsar da kika ba su sati uku da suka wuce, daga ina ta fito?"

Uwar Jajaye ta san amsar.

Sati huɗu da suka wuce funfuna ya kama abincin da take renon ƙudajenta da shi, ya kashe mata tire goma sha biyu a kwana biyu. Dogo yana da ƙudaje lafiyayyu a ɗakinsa, taku ashirin daga inda take. Ta tsaya a bakin ƙofarsa ranar, ta ji shi yana fito a ciki, ta juya. Da ta roƙe shi, gara ta je gonar mahaifinta. Ta cika bokiti biyu da mangwaron da ya faɗo, ta tsince tsutsar da hannunta, ta wanke, ta ba jajayenta. Ba ta rubuta a littafin ɗaki ba.

Haka ta faɗa, da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Ta ƙara da cewa ai babu laifi a tsutsar gona, tun da ba a taɓa sakin baƙin zanzaro a ko'ina ba.

Sai da maganar ta fita daga bakinta ta ji abin da ta faɗa: in babu baƙi a gona, a ina suka shiga tsutsarta? Dakta ya ajiye kofinsa a kan takardun da bai taɓa yarda a ɗora musu komai ba. Dogo ya nemi kujera.

A bakin taga wani abu ya motsa. Ƙafa ɗaya ta miƙe, sannan gashin baki biyu suka kaɗa. Su ukun suka taru a kan takardar, kawunansu na gugar juna. Cikin rabin awa tara suka tashi tsaye, suna tangaɗi kamar waɗanda suka sauko daga doguwar mota. Shida mata, uku maza. Sauran ba su ƙara motsi ba.

Dakta ya ce a ba su zuma, a bar su su huta zuwa la'asar. Tsofaffi ne, sun sha sanyi, in sun yi kwana biyu an gode Allah. In ba su sami tsutsa mai tsabta sun sa ƙwai kafin nan ba, jan zanzaro ya ƙare. Amma kafin komai su biyun su ɗauki motar tasha su je gonar, su zo masa da abin da idonsu ya gani.

Tafiyar minti ashirin ce. A hanya Dogo ya miƙo mata takalminta da ya tsinto a baranda.

Baba yana kan tsani da ƙugiya a hannu. Ya sauko da fara'a, ya ce lallai yau da baƙi, har da dogon da ba ya gaisuwa sai ya sunkuyo. Bai bari sun zauna ba ya ja su cikin bishiyoyi. Ya tsinko mangwaro ya yanka musu, ya tsinko wani ya yanka, duk tas, babu tsutsa. Ya ce bara rabin mangwaron gonar ya binne a rami, bana kuwa maƙwabta har leƙe suke ta kan shinge. Ya nuna robobin da ya rarrataya da toka da ɓawon lemo a ciki, haɗin da ya ƙirƙiro da kansa. Ya ce su masu farar riga shekara nawa suna hura wa ƙwari fanka, shi da robar banza ya gama da ƙuda.

"Uwata, in kuna so in koya muku, kyauta ne. Ke dai ki zo da littafi."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta yana kan wani nunannen mangwaro daidai kafaɗar Baba. Wata 'yar baƙar halitta tana tafiya a kan ɓawon, tana taɓa shi da gashin baki, ta tsaya, ta lanƙwasa bayanta, ta soka. Uwar Jajaye ta taɓa hannun Dogo ta nuna masa. Da suka san abin da suke nema, sai suka gan su ko'ina: a wannan reshe, a wancan, a kan gwaibar bakin rijiya, har a bishiyar maƙwabci da ta leƙo ta kan shinge.

Dogo ya ce, kusan a cikin maƙogwaro, wannan ba zuwan jiya ba ne. Sun yi aƙalla shekara.

Ita ta fara ganin buhunan. A bayan rumfar da Baba yake renon dashe, inda ɗaruruwan 'yan mangwaro suke jere a baƙaƙen ledoji, an tara buhunan yashi. A tashar, cikin yashi tsutsa take shiga ta yi kwanso, sai a tankaɗe da rariya a kwashe kwanson, a gasa yashin a tandar lantarki kafin a fitar da shi, saboda duk iya tankaɗe sai wasu sun tsere. Baba ba ya iya ganin abu mai kyau a bola. Tun shekarar farko ya roƙe ta, ita kuma ta gaya wa mai gadi ya riƙa barinsa ya kwashi nata, tun da gasasshe ne. Ta juya buhu na farko, akwai lambar ɗakinta, ɗaya, da jan fenti. Ta juya na biyu. Lamba biyu. Na uku, lamba biyu.

Ta tambayi Baba waɗannan fa. Ya ce yashi ai yashi ne. Yana zuwa bayan gini ya tarar da wasu an lulluɓe da leda, ya ga sun fi nata laushi da danshi, dashe ya fi son su, sai ya riƙa haɗawa. Ya ce in ma ana so a san gaskiya, nata ƙonanne ne, ba ya riƙe ruwa.

Ta juya ta dubi Dogo. Ya zauna a kan buhun, dogayen ƙafafunsa a miƙe, yana kallon lambar da ya rubuta da hannunsa.

Tandarsa ta mutu tun daminar bara. Ya rubuta a gyara, ba a gyara ba. Tata tana aiki, taku ashirin daga ɗakinsa. Ya ce ya zo bakin ƙofarta sau biyu, ya ji tana yi wa jajayenta waƙa, ya koma. Sai ya riƙa ƙulle yashin a buhu, ya lulluɓe da baƙar leda a rana, da nufin zafi ya yi aikin tanda in an yi wata guda. Bai taɓa ƙirga buhunan ba.

Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya tambaya ko wani ne ya rasu.

Ta gaya masa a gajarce. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga kai ya kalli robobinsa suna lilo a iska. Ya ce to, ko ma mene ne, ai tare suka yi aikin da robobin. Amma da suka juya za su tafi ya biyo ta har mota, ya rage murya ya tambaya ko yashin da ya kwasa zai ja mata kora. Ta ce ba ta sani ba, Baba. Ya tsaya riƙe da ƙofar motar, sai da Dogo ya tada inji ya saki.

A hanya ta yi lissafin abin da ya rage mata. Tsutsar da ke ɗakinta duka daga gonar nan ta fito, ba ta da amfani. Sabon ƙwai kuwa sai ya kwana shida kafin ya kai girman da ja zai iya sokawa, tsofaffin matan nan shida ba za su kai ba. A duk tashar tire ɗaya ne ke da tsutsa mai kwana shida wadda baƙi bai taɓa ba, kuma ta san inda yake. Yana kan kanta ta sama a ɗaki na biyu, an rufe shi da raga ninki biyu. Shi ne tiren da Dogo yake auna sauran da shi a gwajin da ya shafe wata huɗu yana yi, wanda zai kai gaban hukuma mako mai zuwa. In babu shi, sauran tiren ba su nuna komai ba.

Sun kusa ƙofar tasha ta ce, idonta a kan titi, abin da ta faɗa da safe a gaban Dakta ba daidai ba ne. Ya ce ya ji. Ta sake buɗe baki za ta roƙi tiren.

"Ki bari, Anti," in ji shi. "In kika roƙe ni yau, motar nan faɗawa rami za ta yi."

Dakta ya saurare su a tsaye. Da suka kai kan buhunan ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar. Ya ce zai rubuta wa hukuma da hannunsa gobe da safe, kuma sunaye uku za su shiga takardar, har da nasa, tun da takardar gyaran tanda tana cikin durowarsa. Yana cikin magana Dogo ya fita. Ya dawo da tiren a hannu biyu, ya ajiye a teburin Uwar Jajaye, ya yaye ragar da kansa. Dakta ya tuna masa abin da tiren yake nufi. Ya ce ya sani, ai baƙaƙensa sun riga sun rubuta nasu sakamakon a gonar Baba.

Ta ɗebi tsutsar ta zuba a ɗan faranti, ta ɗaure bakinsa da siririn ƙyalle, ta tura cikin kejin. Sannan suka ja kujeru.

Minti goma babu abin da ya faru. Matan shida suna manne a raga, ko kallon farantin ba su yi ba. Ɗaya ta faɗo ta kife, ta daɗe tana harba ƙafa kafin ta juyo.  Dogo ya ce ko a rage fanka, aka kashe ta gaba ɗaya. Zufa ta fara tsattsafo musu.

Wadda ta faɗo ɗin ce ta fara. Ta ja jiki ta hau ƙyallen, tana buga shi da gashin baki, tana sauraron motsin da ke ƙasa. Ta tsaya. Ta ɗaga bayanta sama, ta saita doguwar allurar, ta nutsa ta har gindi. Can ta zare. Ta matsa kaɗan, ta sake. Ta biyu ta sauko, sai ta uku. Kafin la'asar ta yi sanyi biyar suna kan farantin, ta shidan ta mutu a jikin raga ba ta sauko ba.

Uwar Jajaye ta ƙirga sukar da suka yi, arba'in da ɗaya, ta rubuta a littafin ɗaki, ta rubuta kuma daga inda tsutsar ta fito, da sunan mai ita. Dogo ya leƙo ta kafaɗarta ya ce ashe 'yan gayun suna aiki in sun ga uwar bari. Ta ce ya je ya ɗauko yashinsa na yau, tandarta a kunne take.

Yana bakin ƙofa mai gadi ya leƙo ya ce ana sallama da shugaba. Bai gama rufe baki ba wata mata ta shigo, ba ta jira an ce ta shigo ba. Babu wanda ya taɓa ganinta. Takalmanta na roba sun sha laka har ƙauri, katin aiki yana rataye a wuyanta da tambarin hukumar izini. Ta buɗe jaka ta fito da kwalba uku, ta jera su a teburin, daidai gefen kejin jajaye. Kowace da takarda manne a jiki, kowace takarda da sunan gona daban, kuma a cikin kowace baƙaƙe suna yawo.

Ta ce ta farkon daga hayin rafi ta kamo su, ta ƙarshen kuwa tafiyar awa guda ce daga nan a mota. Ta ce dokar a bayyane take: tashar da iri ya kuɓuce mata ba da izini ba, duk abin da ke da rai a ɗakunan kiwonta ana kashe shi, ba a tambayar launinsa. Ta zaro wata takarda mai hatimi ta miƙa wa Dakta, ta dubi kejin da ke gabanta, inda matan jajayen nan biyar suke lasar zuma.

"Wace ce mai wannan ɗakin?" in ji ta. "Ki nuna mini firizarku."